Gashina na ta zubewa, rilaksa ce ko ruwan Jidda? Dan Allah a ba ni shawara

Uwar Biyu (Jidda)

Assalamu alaikum yan uwa, ya gida ya yara ya kuma wannan zafi. Dan Allah shawara nake nema akan gashina dan wlh abin ya fara hana ni sukuni. Ni dai tun ina budurwa a Kano nake saka rilaksa kuma gashina har kafaɗa yake sauka ga cika, amma tunda muka dawo Jidda sai komai ya canza, yanzu in na taje kai sai ki ga gashi a kum, a filo, a tayil ɗin banɗaki, har tarha, wato mayafin kai, in na cire sai na kakkaɓe ta. Gaban goshin ya cinye ya ja baya, tsakiyar kai kuma in na tsaga ina hango fata fes, jelar ta sirance ta koma ja-ja. Umrar da muka yi kwanaki da na zo yanke ɗan gashin nan na fita daga harami sai da na tsaya ina laluben inda zan kama, ƙanwata na ta dariya ni kuwa hawaye ne ya cika min ido.

Ga yadda nake yi. Na kwali nake siya a wajen Bab Sharif, wanda aka rubuta Super a jiki dan gashina irin mai taurin nan ne, da ya ɗan taso kum baya shiga, maƙociyata ke shafa min a gida saboda kun san kuɗin mashgal, wato shagon gyaran gashi, ba wasa ba, kusan duk wata muke yi. Tana shafawa tun daga ƙasa har jela mu bar shi sai ya fara cizo sosai sannan a wanke, wani lokacin washegari sai in ji ɓawo-ɓawo a kai gashin ya manne da fata. Sannan wata biyar kenan da na haihu, ina shayarwa, ban sani ba ko da alaƙa.

Kowa da abinda yake faɗa min, wasu sun ce ruwan tahliya ne, wato ruwan tekun da ake tacewa, haka yake wa duk wadda ta zo ƙasar nan, wata ta ce in bar rilaksa in je a yi min burotin, wani gyaran miƙar da gashi na mashgal, ya fi lafiya, wata ta ce in shafa man karkar. Ni kam na rasa na kamawa.

Mai Kitson Shara Mansur (Makka)

Wa alaikumus salam Uwar Biyu, sannu, Allah ya raya abinda aka samu. Zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi, ki bar ruwan Jidda ya huta tukuna, abinda kika lissafo da bakinki shi kaɗai ya isa ya cinye gashi ko da Zamzam kike wanke shi.

Na farko shafawa har jela. Rilaksa fa ba man kitso ba ce, shiga take cikin silin gashi ta tsinka abinda ke riƙe da murɗewarsa, kuma in ta tsinka shikenan ba ya komawa, wajen da aka taɓa sa wa ya miƙe har ranar da za a yanke shi. To me take nema a jela kuma? Kamar ki ɗauko taliyar da ta riga ta dahu ne ki sake maida ta wuta, duk wata, duk wata, ai dole ta narke. Jan nan da kika ce jelar ta yi da sirancewar duk alamar gashin da aka maimaita masa mai ne. Sabon tsiro kaɗai ake shafa wa, wanda ya taso daga ƙasa mai tauri, shi ma sai an lulluɓe tsohon da kwandishina ko mai saboda in an zo wankewa ruwan rilaksar ta kansa yake bi.

Na biyu duk wata. Gashin ɗan Adam wajen santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, bai ma kai gaɓar yatsa ba, ki faɗa min wane gwanin hannu ne zai shafa mai a wannan ɗan wurin bai taɓa tsohon ba? Babu. Shi yasa ake cewa a bari sati 8 zuwa 12, ni kwastomomina in ba su kai wata biyu ba bana taɓawa ko za su yi fushi su tafi wani waje.

Na uku wanda ya fi ɓata min rai, wai a bari sai ya ciza. Wannan maganar ta cuci mata da yawa wlh, cizo ba alamar ya kama ba ne, ƙuna ce, fatar kanki ce ke ƙonewa, ɓawon nan da kike ji washegari ciwon ƙuna ne ya yi ruwa ya bushe. Akwai takarda a cikin kwalin an rubuta minti nawa, yawanci baya wuce 15 zuwa 20 kuma tun daga lokacin da aka fara shafawa ake ƙirgawa ba daga lokacin da aka gama ba, a nan ne ake tafka kuskuren, mai shafawa ta ci rabin awa tana hira tana tsaga sannan a ce to bari a duba agogo. Kafin a fara a shafe goshi da kunne da ƙeya da basilin, kada ki wanke kai ko ki yi susa kwana biyu uku kafin ranar, in kuwa akwai ciwo ko ƙuraje a kai to a ɗaga.

Sai wankewa. Ɗan shamfun nan da yake zuwa a cikin kwali ba kyauta aka yi miki ba, shi ne ke kashe kaifin man, wasu ma kumfarsu canza kala take ta yi hoda-hoda in da sauran mai a kai, sai ki yi ta maimaitawa har kumfar ta fito fara tas. Na sha ganin wadda ta ajiye shi ta ɗauko sabulun wanka, man na nan kwance a ƙeya yana ci.

Batun Super kuma, tauri a wajen tajewa daban ƙarfin sili daban, da yawa masu cewa gashinsu na da tauri in na kama sai in ji silin siriri ne murɗewa ce kawai ta yi masa yawa, irin wannan Regular ma ta ishe shi. Kuma kar rubutun No-Lye ya ruɗe ki ki ɗauka ba kemikal, wannan mai haɗi biyun da ake zuba ruwan kwalba a gauraya ya fi sauƙi a fata amma ya fi busar da gashi dan yana barin wani gari-garin kalsiyum a jikin sili, ɗayan kuma mai Lye ɗin sodar nan ce da ake haɗa sabulu da ita. Kowanne da kaifinsa.

Ni dai a yanzu kada ki sake sa komai a kan nan.

Yar Madina

Anti mai kitso na yarda da ke amma batun ruwa kar ki wanke shi tas haka, ni ban taɓa saka rilaksa ba tunda uwata ta haife ni amma shekarar da na zauna Jidda wajen yayata gashina sai da ya bushe ƙamas. Ga ruwan tanki a saman bene da rana tsaka in kin buɗe famfo sai ki ja hannu dan zafi, ga mukayyif wato AC dare da rana, ga tarha a kai kullum zufa na tsatsafowa a ƙasa, ina gashi zai ji daɗi. Ni abinda nake yi in na gama wanke kai sai in yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan galan na sha, kuma ina tara ruwan wanka a bokiti ya huce tukuna.

Karkar kuma Uwar Biyu ki nema wajen yan Sudan ko yan Chadi wanda aka haɗa a gida da man riɗi da kakin zuma, na kwalba na kasuwa wani duk turare ne. Sannan garin sidir, ganyen magaryar nan tamu ce fa ba wani abu ba, ko wane shagon attara, wato masu kayan ƙamshi da ganyayyaki, akwai, ki kwaɓa da ruwan ɗumi ki wanke kai da shi. Hulba ma ki jiƙa ta kwana ki markaɗa, sai dai warin yana kama tarha, maigida zai yi magana na faɗa miki tun yanzu.

Nas a Riyad

Salam. Uwar Biyu kafin ki kashe ko riyal ɗaya ki yi min abu ɗaya, gobe in kin taje kai ki kwashi gashin da ya fita ki baza akan farar takarda ki duba da kyau. In kin ga dogon sili mai ɗan farin ɗigo a ƙarshe ɗaya, wannan daga saiwa ya fito, zubewa ce. In kuwa guntaye ne gajeru gajeru babu ɗigon, wannan karyewa ce daga tsakiya. Biyun ba maganinsu ɗaya ba shi yasa ake ta shafe-shafe ba a ganin sauƙi. Karyewa aikin rilaksa ne da istishwar, wato na'urar busar da gashi, da kum, Anti ta gama bayaninta. Zubewa kuma daga cikin jiki take zuwa.

Kin ce wata biyar da haihuwa, to ai lokacinta kenan. Lokacin ciki sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya faɗi shi yasa mai ciki gashinta ke cika, bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai duk su sako a tare, abin tsoro in kina gani amma yawanci kafin yaro ya shekara ya lafa da kansa. Ko mai lafiya ƙalau tana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana dama. Sai dai mace mai shayarwa da ta zubar da jini wajen haihuwa sau da yawa akwai ƙarancin jini a ciki, shi ma yana zubar da gashi, ki je mustausaf wato ƙaramin asibiti ki ce a yi miki tahlil wato gwaji na jini da feritin wato ma'ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, da na tayirod dan yana rikicewa bayan haihuwa, da bitamin D, wannan kam matan ƙasar nan da yawa ba mu da shi duk da ranar da ake ƙwallawa, daga gida sai mota sai gida.

Wanda ya fi tsaya min a rai a bayaninki tsakiyar kan nan ne tare da ƙunar da kike samu. Akwai wani nau'in sanƙo da ya fi kama mata baƙar fata, likitoci na ce masa CCCA, daga tsakiyar kai yake farawa yana faɗaɗa a hankali, wani lokacin da ƙaiƙayi ko zafi-zafi in an taɓa, wani lokacin shiru ba komai, kuma tabo yake yi a ƙarƙashin fata ya toshe ramin gashin, inda ya riga ya toshe babu man da zai tsiro da shi. Ba cewa nake shi gare ki ba, ba a gane shi ta waya, kuma masana ba su ce rilaksa ce kaɗai ke kawo shi ba dan akwai gado a ciki. Amma in kin ga wurin ya yi sumul yana sheƙi ba kya ganin ƴan ramukan gashi, to ki nemi likitan jildiyya wato likitan fata da wuri kar ki tsaya karkar, abinda ake ceto shi ne wanda bai mutu ba. Gaban goshi kuma yawanci ja ne, kitso mai tsauri da fakin da ribom da ɗaurin ɗankwali a wuri ɗaya kullum, in an sassauta da wuri yana dawowa.

Za a ce miki ki sayi minoksidil a saidaliya wato kantin magani, yana aiki ga wasu amma sai an yi watanni ana shafawa kuma in an daina abinda ya tsiro yana komawa, ke da kike shayarwa kar ki fara sai likita ya ce.

Burotin kuwa a'a. Sunan ne mai daɗi kamar wani abinci za a ba gashin, amma da yawa daga cikin masu miƙar da gashi ɗin nan na keratin da burotin suna ɗauke da fomaldihaid ko abinda ke sakinsa in an ɗora ƙarfe mai zafi, famalin ɗin nan dai da ake adana gawa da shi, shi ne hayaƙin da ke sa ido hawaye a mashgal har ki ga mai yin ta sa takunkumi, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta daɗe da sa shi cikin abubuwan da ke jawo kansa. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana niyyar hana shi a irin waɗannan mayukan. Waɗanda aka rubuta babu shi a ciki ma wasu da gilayoksilik asid ake yin su, a 2024 likitoci a Faransa sun ba da rahoton wata mata da ƙodarta ta samu matsala har sau uku, kowanne bayan an yi mata irin wannan gyaran. Bar ma wannan, gashin da ya riga ya raunana a bi shi da ƙarfe mai zafi sili-sili ai ƙarasa shi za a yi.

Tunda ana maganar bari in ƙara wannan dan na san wata za ta kawo shi a karkace. A watan Oktoba 2022 cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta fitar da wani nazari da ta bi mata 33,497 kusan shekara 11, aka samu 378 sun kamu da kansar mahaifa. Lissafinsu ya nuna cikin waɗanda ba su taɓa amfani da man miƙar da gashi ba kashi 1.64 cikin ɗari ne za su kamu kafin shekara 70, masu yawan amfani kuma, wato sama da sau huɗu a shekara, kashi 4.05. Alaƙa suka gani ba su ce ga tabbacin shi ne sanadi ba, ba su kuma tantance wane kamfani ko wane sinadari ba, sannan ciwon ba mai yawa ba ne. Ba dan in tsorata kowa na faɗa ba, amma mai yi duk wata sau 12 kenan a shekara, akan fatar da ke da ƙuna a buɗe.

Ruwa kuma Yar Madina, eh yana iya busar da gashi musamman mai zafin nan, ɗauraya da mai sanyi ba laifi, amma ruwa baya tumɓuke gashi daga saiwa.

Uwar Biyu (Jidda)

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alkhairi. Anti Nas na yi abinda kika ce, duka biyun na gani, dogaye masu farin ɗigon akwai amma guntayen sun fi yawa nesa ba kusa ba, wasu ko tsawon farce ba su kai ba. Tsakiyar kan na sa ƙanwata ta ɗauka min hoto, ba sheƙi kuma akwai ƙananan gashi suna lekowa, sai dai yana min ɗan zafi in na danna, zan yi wa Abban yara magana a duba ko tamin ɗinmu, wato inshorar lafiya, ya haɗa da jildiyya.

Yanzu Anti mai kitso ya zan yi da sabon tsiron in ya taso wata biyu wata uku, wlh kum karyewa yake a kaina. Kuma ga wanka, in na yi kitso ya jiƙe baya bushewa da wuri sai in ɗaura tarha a haka in fita kai yaro madrasa.

Hajiyar Karantina

Ku dai yaran yanzu kuna wahalar da kanku, ki aske shi ƙasa ƙasa kawai ki huta ya fito sabo, wa ke ganin kanki a ƙasar nan banda mijinki. Mu da man shanu da lalle muka tashi har yau kitsona na kaiwa baya.

Mai Kitson Shara Mansur (Makka)

Hajiya ai mijin ne matsalar, ba kowacce ke da ƙarfin halin askewa ba, kuma ba sai an kai nan ba. Amma jelar da ta riga ta yi ja ta tsattsage kam sai almakashi, babu man da ke ɗinke ta, ki rage ta kaɗan kaɗan in ba za ki iya lokaci ɗaya ba.

Uwar Biyu inda sabon tsiro ya haɗu da tsohon mai rilaksa nan ne wuri mafi rauni a gashinki, duk guntayen da kika gani yawanci daga nan suke ɓallewa, dan haka kada ki sake sa kum a busasshen kai. Ki raba shi gida huɗu ko shida, ki jiƙa ki zuba kwandishina da yawa har ya yi santsi, ki fara warwarewa da yatsu sannan kum mai manyan haƙora, daga jela kina hawa sama a hankali, ba daga ƙasa ki finciko ba. Sati-sati ki yi sitimin, ko na roba na kanti ko ki haɗa da man zaitun ki rufe da leda ki ɗaura tawul minti ashirin zuwa talatin, ba sai kin je mashgal ba. Mai shi kaɗai baya jiƙa gashi, ruwa ko kirim mai ruwa-ruwa ake fara sawa sannan a bi da man kaɗanya ko karkar ɗin Yar Madina ya riƙe danshin, kuma a jikin gashin ba a cusa shi a fatar da ke ciwo ba. Kitso manya manya guda shida ko takwas marasa tsauri, ki ce wa mai yi ta bar miki ƙananan gashin goshi kar ta kama su, in kin tashi daga wajen kitso kina jin girarki ta ɗage ko ba kya iya sujjada da daɗi to ki tsefe layin gaba a daren, kar ki ce bari ya kwana biyu ya saki. Sati biyu ki tsefe. Istishwar da ƙarfe a ajiye su.

Wanka kuma ai an sauƙaƙa mana, hadisin Ummu Salama na nan a Muslim, ba sai kin tsefe kitso dan wankan janaba ba, ruwa ya ratsa gindin gashi ya wadatar, to manyan kitso sun fi saurin shan ruwa sun fi saurin bushewa. Ki matse da tsohuwar riga mai laushi kar ki goga da tawul, ki zauna gaban fanka ko minti goma ne kafin tarha, jiƙaƙƙen kai a rufe cikin zafin Jidda shi ke kawo wari da ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ya kawo susa. Hular ƙasan tarha ki nemi mai santsi irin satin, ta auduga tana shanye mai tana goge goshi, da ita za ki riƙa kwana ma.

Lalle kuwa Hajiya ki yi haƙuri, ba yanzu ba. Tsantsar lalle ma yana ƙara busar da irin wannan gashin, balle baƙin nan na kwali da ake haɗa shi da rini, shi da rilaksa ba sa haɗuwa a kai ɗaya kusa da kusa. In likita ya duba ya ce fatar ta warke kuma kina son komawa rilaksar sai mu yi maganar yadda za a yi, in kin shigo Umra ki biyo in ga kan da idona.

Yar Madina

Anti karkar ɗin a jela kawai kenan? Ni fa har fata nake cusawa kuma ban ga komai ba.

Mai Kitson Shara Mansur (Makka)

Ke kanki lafiyayye ne ba ƙuna, ita nata da ciwo. In kuma kina da amosani ke ma ki rage.